Bango Mai Kai Tsegumi

A garin Popayán in aka ambaci Doña Tránsito, sai ka ji wani ya ce, "Ta miyar nan?" Ita ce kuwa.

Tana 'yar ƙarama a makarantar 'yan mata ta sistocin coci aka kama ta tana gyangyaɗi a aji, aka tura ta tsohon zauren dutse ta tsaya, fuskarta a kusurwa. Rufin zauren ɗaurin guga ne, ginshiƙai biyu masu lanƙwasa kamar baka sun gicciye a sama. Magina na dauri sun bar masa wata ɗabi'a da yarinyar ba ta sani ba. Duk wanda ya yi raɗa a wannan kusurwa, sai maganar ta hau baka, ta sauka a ta can ƙetare. Yunwa ta ciyo ta, ta kafa baki a bango ta ce, "Miyar Madre Amparo dai ruwan wanke-wanke ne aka yi wa baftisma."

A kusurwar can kuwa Madre Amparo, sistar da ke kula da kicin, ce zaune a kan dakali, tana jan carbi.

Bango ya amsa a hankali, "To, gobe ki zo ki dafa wadda ta fi ta."

Tránsito ta zube a kan gwiwa tana ba Allah haƙuri, don a zatonta har sama ana shan miyar. Washegari ta shiga kicin, ba ta kuma sake barinsa ba. Ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, hannunta bai rabu da ƙanshin albasa ba.

Bayan rasuwar Madre, kullum da yamma, lokacin da rana ke ratso taga ta kwanta a kan farin bango, sai Tránsito ta koma kusurwarta ta ba marigayiyar labari: wace ta yi aure, wace ta zama likita, itacen lemon tsakar gida ya yi fure. Amsa ba ta zuwa. Ita dai tana jin maganar tana hawa kamar tsattsewa, ta san akwai inda take sauka.

Sai girgizar ƙasa ta tsaga baka ɗaya. Aka kira Nabor magini, ya duba ya ce, "Doña, rufin dai zan ɗinke shi. Ko zai ci gaba da tsegumi, ban ɗauki alkawari ba."

"Kai ɗan Hermelinda, kana goye na fara ba ka romo. In ka toshe wa bangon nan kunne, da wa zan yi hira?"

"Da masu rai mana, Doña."

"Masu rai katse mutum suke yi."

Aka gama aiki, aka shafe da farar ƙasa. Doña ta ƙi gwadawa. Takan zo bakin ƙofa, ta leƙa, ta tuna wai ta bar tukunya a wuta. Gara mata rashin sani da ta yi magana, maganar ta faɗi a ƙafarta.

Wata yamma ana yayyafi, ruwa ya koro ta cikin zauren, ƙafa ta gaji, ta zauna a dakalin Madre, inda ba ta taɓa zama ba. Ƙanshin furen lemo da na jiƙaƙƙen dutse suka lulluɓe ta. Tsakanin barci da farke ta ga kamar 'yan matan zamaninta suna wucewa cikin fararen riguna, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Sai wata siririyar murya ta gangaro ta bango, daidai kunnenta.

"Miyar Doña Tránsito yau salam take, kamar wa'azin Fada a coci."

Ta buɗe ido. Can ƙetare wata 'yar aji ɗaya ce, Leonor, an tsayar da ita fuska a kusurwa. Doña ta share ido da bakin mayafi, ta gyara murya, ta matsa kusa da dutsen.

"To, gobe ki zo ki dafa wadda ta fi ta."

Kafin azahar washegari labari ya gama gari. Nabor ya leƙo kicin, ya tarar da Leonor tana feren dankali, tana cire rabi da ɓawo.

"Doña, na ji bango ya rama wa Madre."

Ta miƙa masa kwanon miya ba ta ko dube shi ba.

"Bangon nan bai taɓa yin ƙarya ba, ɗana, gishiri na manta. Yarinyar kuwa ka bar ni da ita, ni ma da zagi na fara."