Fom ɗin Diyya Bai San Taubashi Ba

Chibwe Kapembwa mai facin taya ne a bakin tashar Kabwe, kuma a iya sanina bai taɓa sayen abincin rana ba. Ni ce mai suyar fanke a gefen rumfarsa, don haka ba labari aka ba ni ba. Kullum rana na take tsaka zai wanke hannu, ya tsallaka titi zuwa injin niƙa inda Mabvuto Jere ke aiki, ya buɗe kwanon tuwon mutumin ya hau loma. Chibwe ɗan ƙabilar Bemba ne, Jere kuwa ɗan ƙabilar Ngoni, wato taubasai, ba mai kai ƙarar wani.

"Mai cin ɓera, yau ma gishirin ya yi yawa," in ji Chibwe.

"Jikan masu cin biri, ci ka shaƙe."

Shekara talatin da ɗaya gaisuwarsu ke nan. Ranar da bel ɗin injin ya fizgi Jere ya karya masa ƙugu da hannun dama, Chibwe ne ya tura shi asibiti a baro, yana zaginsa har bakin ƙofa. Jere ba mata, ba ɗa. Wata biyu rumfar faci na rufe, Chibwe na can yana jinyarsa, direbobi suna zuwa suna tsine mini kamar ni na ɓoye shi.

Sai ofishin diyya ya ce a rubuta ɗan'uwa guda wanda za a danƙa wa majinyacin, shi za a riƙa ba kuɗin jinya. Kafin mako ya zagayo ga wani Dalitso daga Chipata, da kwat mai sheƙi, wai ɗan ƙanwar Jere ne, ya zo ya tafi da kawu ƙauye. Kawun da sai da nas ta nuna masa gadonsa! Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Chibwe kuwa ko tuwo ya kasa ci, don Chipata tafiyar yini guda ce a mota, kuma ya san in an tafi da Jere shi ke nan.

Ya ja ni ofishin, wai in shaida shekarun da ya yi yana cin abincin mutumin. Ma'aikaciyar, Madam Inonge, ta dube mu ta saman tabarau.

"Baba, jini ya haɗa ku?"

"Sosai. Sauro ɗaya ke cizonmu."

"Aure fa?"

"Haba 'yata, kin ga fuskarsa kuwa? Wa zai ba shi ƙanwa?"

Ta ce saura hanya ɗaya: majinyacin ya faɗa da bakinsa cewa wannan ne mai kula da shi, ta rubuta, ta buga hatimi. Washegari ta zo gefen gadon da fom, Dalitso na tsaye yana gyara kwat.

"Baba Jere, mene ne wannan mutumin a wurinka?"

"Bawana ne. Ɓarawo kuma. Kakansa ma akuyarmu ya sata."

Chibwe ya gyaɗa kai cike da jin daɗi, marasa lafiya suka tuntsire da dariya. Ni kam ji na yi kamar in kwaɗa musu matankaɗi su biyun. Madam Inonge ta ajiye biro.

"Baba, ni ma ina da nawa taubasan, na san wasan. Amma takarda ba ta dariya. Abin da ka faɗa shi zan rubuta, in na rubuta ɓarawo gobe kana cikin motar Chipata. Zan sake tambaya sau ɗaya."

Chibwe ya matsa kusa da kunnensa.

"Kai, mai cin ɓera, kada ka kuskura ka yabe ni."

Jere ya kau da kai, ya dubi Madam Inonge.

"Rubuta, 'yata. Shi ke ɗaga ni, shi ke ba ni a baki. Shi ke wanke ni har inda ni ma ba na son gani. Ba ni da kowa sai shi."

Ta rubuta, ta buga hatimi. Da muka waiga babu Chibwe. Can na iske shi a bayan ɗakin wanki, yana goge ido da tsumman faci, fuska duk baƙin mai.

"Kin ji abin da ya yi mini?" in ji shi. "A gaban mutane fa."