Abin Nan Na Gindin Tsamiya

In anka tambaye ni sana'ata, cewa nake marubuci ne ni, sai in yi sauri in canza zance kafin a ce a nuna littafi. Na rubuta littattafan soyayya masu sa duwatsu kuka, amma masu karatuna duka duniya za su shiga kwale-kwale ɗaya, har a samu wurin akuya. Shi ya sa da Bala, ɗan baffana, ya dawo daga karatun kwamfuta ya ce mu koma yin gem na labari a waya, ban yi gardama ba. Irin gem ɗin nan ne da babu harbi babu tsere: ka karanta labari, a zo mararraba, ka danna abin da kake so a yi, labari ya bi can. Ni ke rubutu, shi ke ɗaura wa abin ƙafafu. Ofishinmu benci ne a shagon cajin waya nan Yelwa, kusa da tashar 'yan kabu-kabu.

Bala na ta yi mani bayani wai sabon abu ne daga waje. Na ce mashi, kai, ka manta Kaka?

Kaka, uwar Babana, bandar kifi take yi a ƙauyenmu can gefen Wara, cikin gidajen da anka gina wa mutanen gungu lokacin da ruwan dam ya cinye tsibiransu. In an yi sallar isha'i sai ta zauna gaban murhun banda, tarwaɗa jere kan waya sun lanƙwashe wutsiya a baki, hayaƙi na shiga mana ido har ka ga yara na hawaye alhali ba a ko fara labarin ba. Kayanmu kuwa sai ƙarnin kifi, in za mu shiga aji da safe, kuliyoyin unguwa rakiya suke yi mana har ƙofa.

Ni ne mijinta na wasa, yadda jika yake da kaka. Ba ta taɓa kirana Umaru ba, sai Maigida. Na sake ta ya fi a ƙirga, kullum kan kifi ke maida auren.

"Maigida, yau ma ba cefane?"

"Tsohuwa, haƙoranki nawa da za a yi maki cefane?"

"Sun isa cizon raggo. Matso nan."

Kuma ita kaɗai ce tsohuwar da na sani tana ƙwala wa babban ɗanta, wato Babana, kira da sunanshi tsirara. Kowa ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Ita kuwa "Garba! Garba!" har masunta a tsakiyar ruwa sai sun waiwayo. Na ɗauka rashin kunya ne irin nata.

Tatsuniyarta ba irin ta sauran tsofaffi ba ce. Takan ce, "Ga ta can tahe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna kusa da wuta." In ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta nuna ɗayanmu da itacen juya kifi, ta ce, "To, kai, mi za ta yi?" Abin da ka zaɓa, nan labari zai bi. Amma wanda ya zaɓa shi ke tashi ya ƙaro itace. Wato tun ba a haifi wayar hannu ba, tsohuwar nan ta gano yadda ake sa mai karatu biyan kuɗin shiga.

Wadda munka fi roƙo ita ce ta wata mata a gungu. Ruwa ya fara tasowa, yau ya ci gona, gobe ya ci rumbu, jibi yana leƙen ƙofar ɗaki. Mai jirgi ya zo ya ce kaya ɗaya tak za ta shiga da shi. Tana da dutsen niƙa na uwarta, tana da akuya mai ciki, tana da tarun mijinta. Sannan, in ji Kaka, akwai abin nan na gindin tsamiya.

Bala, da yake cikinshi ke mashi tunani, kullum akuya yake zaɓa. Akuya ta haihu a sabon gari, ta cinye shukar mai gari, a yi ta shari'a har akuya ta tsufa ta zama shaida. In an zaɓi dutse, jirgi ya kusa nutsewa, giwan ruwa ya tallabe shi bisa sharaɗin a riƙa niƙa mashi gero. In taru ne, miji ya kamo kifin da ke magana da yaren gungu yana tambayar labarin mutanen gida. Mu yi ta dariya har Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce za mu tada maƙwabta. Amma kowace hanya anka bi, ƙarshen ɗaya ne: matar ta sauka sabon gari, ta ajiye kayanta, ta juya tana kallon ruwa. Sai Kaka ta ce, "Ta ƙare. Kan kifi na wanda bai yi gyangyaɗi ba."

Wata rana itacen ya nuno ni. Ni kuma uban iyayi, na ce abin nan na gindin tsamiya za ta ɗauka.

"Ba shi ɗaukuwa, Maigida."

"Mene ne shi? Zinari?"

"Abin nan dai."

"To ta zauna da shi mana. Kar ta shiga jirgin."

Na jira ta zage ni, don abin da na zo nema ke nan. Ba ta zage ni ba. Ta juya kifi ɗaya, ta juya na kusa da shi, ta koma ta sake juya na farkon da ta riga ta juya. Can ta ce, "Wagga hanya ba ta da labari. Tashi ka ƙaro itace." Da na dawo, an ba Bala zaɓi, akuya har ta shiga gonar mai gari. Na yi fushi na sake ta saki uku a wuri ɗaya, ta ba ni kan tarwaɗa, munka shirya.

Kaka ta rasu da damina. Na je, na ɗauki makara, na zuba ƙasa, na zauna kan tabarma ana ta yi mani gaisuwa ina cewa amin. Na jira kuka ya zo kamar mai jiran mota a tasha, bai zo ba. Na ci tuwo har da ƙari. Na dawo Yelwa na zauna kan bencinmu, na ce wa Bala mu mayar da tatsuniyar matar gungu gem. Na rubuta akuya, na rubuta dutse, na rubuta taru, hannuna na ta aiki kamar na wani. Na sa zaɓi na huɗu, "ta zauna," ban rubuta komai a bayanshi ba.

Bala ya tura wa abokai su gwada. Sai ƙorafi.

"Umaru, kowa 'ta zauna' yake fara dannawa, sai allo ya yi fari fat. Wani har ya kai wayarshi gyara. Ko ka rubuta hanyar, ko in cire ta."

Na zauna rubutawa. Na sa aljana a gindin tsamiya, na goge. Na sa tukunyar zinari, na ji Kaka na tsaki daga kabari. Ni da ke iya kashe masoya biyu in tada su kafin shayi ya huce, na kasa layi ɗaya. Rannan na hau mota sai ƙauye.

Na iske Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Murhun banda na nan, kaji sun mayar da shi ɗakin ƙwai. Na tambaye ta cikin wasa, ko tsohuwar ta bar mana dukiya a ƙarƙashin ruwa mu nemo masu nutso.

Ba ta ɗago kai ba. "Kai har yanzu ba ka sani ba? Ɗanta na hwari na can. Bai kai ga yaye ba ya rasu, anka rufe shi gindin tsamiya, shekara ba ta zagayo ba anka tashe su. Babanka daga baya anka haihe shi, nan."

"Ba Baba ne babba ba?"

"Da shi ne, ka taɓa jin uwa na kiran ɗan hwari awa mai tallan kifi? Sunan wanshi ya mayar maka. Mi kake tsammani ya hana ta hwaɗin naka?"

Ta hure ƙaiƙayi, ta ce in zan kwana in faɗa a ƙara shinkafa.

Na fita bakin ruwa. Ruwa ne dai, shimfiɗe har inda ido ya gaji, yara na wanka, wani na gyaran injin jirgi yana zaginshi. Ban san ko ta wane gefe gungun yake ba. Na tsaya ina lalubar abin da ya kamata in ji a ƙirjina, ban samu komai ba sai yunwa. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: matar da al'ada ta hana ta ambatar yaronta, ta hana ta kuka a gaban mutane, ta samo hanyar da za ta riƙa wucewa ta gindin tsamiyar nan duk dare, da rakiyar jikoki suna dariya. Kuma ta bar mu muna zaɓe, ita da ba a tambaya ba ranar da jirgin gaske ya zo.

Na dawo na ba Bala abin da zai sa. Ya karanta, ya dube ni.

"Shi ke nan? Za su zage mu fa."

"Su zaga. Nima na nema ban samu ba."

Yanzu in ka danna "ta zauna," rubutu ne layi biyu: Wagga hanya ba ta da labari. Tashi ka ƙaro itace. Sai ya maida kai mararraba, akuya da dutse da taru na jiranka.

Kukan dai har yau bai iso ba. Amma wani lokaci, in shago ya yi shiru, Bala ya tafi sallah, nakan ciro waya in danna wurin. In karanta, ya maida ni baya, in sake dannawa.