Tukunyar Gaz ɗin Inna Dija

Muttaka ɗan Cadakori ne, ɗan mai amalanken itace. Ubansa ya yi shekara talatin yana bin bayan jaki tsakanin daji da kasuwa, kuma abu guda ya nace wa Allah a kai: kada yaron ya gaje shi. Aka sa shi lakol, makarantar boko. Ya ci jarrabawar bepese ta ƙaramar sakandare da ƙyar, ya faɗi bak ta gama sakandare sau biyu, ya koyar shekara huɗu a ajin rumfar zana, sannan wani buro, ofishin ƙididdiga a Maraɗi, ya ɗauke shi aikin yawo gida-gida. Aka ba shi tabilet da ma'auni mai ƙugiya, aka ce ya je ya tambayi mutane abin da suke ƙonawa. Itacen dai bai rabu da gidansu ba, sai dai uban ɗauka yake, ɗan kuma aunawa.

Madam Rahina, shugabar ayarinsu, ita ta yi musu bayani ranar horo. Ta ce ƙasa tana da littafi biyu da ba sa ga maciji. Ɗaya yana ƙirga makamashi: kilo nawa na itace, lita nawa ta esansi, wato fetur. Ɗayan yana ƙirga arziki: wa ya yi sana'a, me ta ci. Aikinsu shi ne su sa littattafan su faɗi magana ɗaya. Don haka bai isa a ce an ƙona ba, sai an ce wa ya ƙona, kuma don me. Wutar tuwon gida layinta daban, wutar ƙosan sayarwa layinta daban, ko da murhu ɗaya ne. Esansin da ɗan kabu-kabun Gazawa ya sha a ƙetaren iyaka namu ne, tunda mai moton, wato babur ɗin, namu ne.

Muttaka ya iya aikin, har ana misali da shi. Ya san mace za ta ce maka "itace" alhali kara take hurawa, don itace na masu hali ne. Ba ya gardama. Toka yake dubawa, ya shinshina hayaƙi, ya ce cikin raha, "Hajiya, itacen nan naku ko a gonar hatsi yake tsirowa?" Sai a yi dariya a fito masa da gaskiya.

Zagaye na uku ne na'ura ta zaɓo masa gidaje a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Gida na sha bakwai: gidan marigayi Malam Mumuni, mai riƙe da shi Dija. Uwar matarsa Nazira.

Kowa ya san yadda suruki yake da suruka. Ba ya haɗa ido da ita, ba ya ci a gabanta, ballantana ya kutsa har madafarta yana ɗaga mata tukwane. Ita ma ko sunansa ba ta kamawa. Muttaka ya je, ya tuɓe takalmi a zaure, ya tsuguna ya yi gaisuwa ta bayan danga, ta amsa daga ciki. Ya koma gindin dogonyaro ya cike tabilet da ka. Makamashin girki: gaz. Kilo shida a wata. Sana'ar gida: babu.

Da an tambaye shi a lokacin, da kunya zai ce, kuma da an yarda. Amma kunyar suruka tana da magani mai sauƙi: ya yi musayar gidan da abokin aiki, kamar yadda kowa ke yi. Bai yi ba. Shekara uku kafin nan, da kuɗin aikin suka fara shigo masa, ya sayi tukunyar gaz ya ɗaura a bayan moto, ya zaɓi ranar kasuwa, ya ratsa ƙauyen a hankali yana amsa gaisuwa, ya kai wa surukar tasa. Wata guda ana maganar mijin Nazira. Tun daga ranar bai taɓa tambayar wa ke kai tukunyar can garin Tibiri a cika ta ba. Ya kuma san Inna Dija na suyar ƙuli-ƙuli, don yana cin na tsarabar. Abin da ba ya so shi ne wani mai ma'auni irin nasa ya shiga gidan ya duba toka.

Bayan sati biyar Madam Rahina ta kira shi buro. Ta juyo masa da allon kwamfuta.

"Kai Muttaka, ka san gida guda a wajenmu yana tsaye ne a madadin gida ɗari uku? Ka cika min karkarar Gidan Sori da masu gaz. Na duba abin da dillalai suka sayar a yankin, bai kai ko kusa ba. Ko dai tsohuwar nan rijiyar gaz gare ta, ko wani ya yi min aikin gindin icce. Jibi za mu je tare."

Bai gaya mata surukarsa ba ce. Da ya koma gida bai kuma roƙi kowa komai ba. Ya dai zauna cin tuwo yana ba da labarin a gaban Nazira, har da ranar, har da cewa ana korar mutum a kan irin wannan. Da ta ɗauki waya ta shige ɗaki, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Suka isa da hantsi. Dole ya bi bayan Madam har tsakar gida, kansa a ƙasa. An share ko'ina, an yayyafa ruwa. An kwashe duwatsun murhu, sai dai bangon wurin baƙi ƙirin yake har sama. A tsakiyar fili ga tukunyar gaz an wanke ta tas, an ɗora mata kan girkinta a karkace. Inna Dija na zaune a gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa Muttaka kafaɗa.

"Inna, da wanga kuke girki?" in ji Madam Rahina.

"Da shi hwa, ɗiyata. Kullum. Mijin yarinyar nan ya kawo mini, Allah shi yi mishi albarka."

"Amin. To ɗan ɗora mana ruwan shayi, mun sha hanya."

Tsohuwar ta tashi. Ta durƙusa gaban tukunyar kamar mai gaida baƙon da ba ta sani ba. Ta murɗa nan, ta murɗa can, ta kyasta ashana ta miƙa daga nesa tana kau da kai. Ashanar ta cinye. Ta kyasta wata. Muttaka ya ga bayan hannunta, duk tabon tartsatsin mai, sabo a kan tsoho.

Sai ga kan maƙwabciya Salamatu ta saman danga. "Dija, lahiya? Yau tukunyar nan da kika mai da kujerar zamanki za ki dahwa? Ni dai in kin gama ki aiko a ɗauke min duwatsunki, sun tare min ƙohwa."

Inna Dija ba ta ɗago ba. "Jiya-jiya ya ƙare," ta ce da Madam. "Wallahi jiya..."

Rantsuwar ce Muttaka ya kasa jurewa. Matar da ke azumin Litinin da Alhamis, ga ta za ta rantse da Allah a kan ƙaryar da shi ya dasa, bai ko yi ƙarfin halin roƙonta da bakinsa ba. Ta zaro ashana ta biyar.

"Inna, aje ashanar."

Shekara bakwai da aurensa, ranar ya fara yi mata magana fuska da fuska. Ta saki ashanar ta faɗi.

"Madam, surukata ce. Ban shigo gidan ba, a waje na cike. Kuma na san ba da gaz take girki ba."

"Kar ki biye mishi, ɗiyata," Inna Dija ta yi saurin cewa. "Yaro ne mai kirki. Ni ce ban iya abin ba."

Madam Rahina ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi zafi ke nan. Ta ce duk gidaje arba'in ɗin da ya yi a zagayen sai wani ya sake su, kuma kada ya sa rai da ganin sunansa a zagaye na gaba. "Amma wannan kai za ka gyara shi. Ɗauko ma'auninka."

A bayan ɗaki aka ɓoye kayan, an lulluɓe da tsohuwar tabarma: damin kara, buhun ɓawon gyaɗa, da busasshen kashin shanu da take tsintowa a makwancin garken Fulani bayan sallar asuba. Muttaka ya rataya su ɗaya-ɗaya yana karanta kilo da ƙarfi. Sai aka zo tambayar da ba makawa.

"Inna, wanne ne na tuwo, wanne na ƙuli?"

Ta amsa wa Madam, ba shi ba. "Ki ce mishi karan na ƙuli ne, shi ka ba da wuta mai kyau. Kashin shanun na tuwonmu ne. Mu ba mu da ƙyama."

Ya rubuta kowanne a layinsa.

Salamatu ta miƙo duwatsun ta kan danga. Muttaka ya karɓa ya jera su da kansa, don markaɗen gyaɗar tun safe yake jira, kuma gobe kasuwa. Madam ta koma mota. Shi ya tsaya. Inna Dija ta hura wuta, hayaƙi ya murtuke, ta shiga tari mai tsawo, dafe da ƙirji. Da ya lafa, ya tambaye ta tun yaushe take wannan tarin.

Ta ci gaba da juya ludayi, tana neman wanda za ta aika da amsar. Babu kowa a gidan sai su biyu.

"Tun damanar bara waccan," ta ce.