Ranar da Na Kai Alkama Niƙa Sabon Gari

Alkama ce ta cinye min shekarata ta ƙarshe a jami'a a Samaru. Malamin da ke duba aikina, wani dattijo marar yawan magana, ya ba ni iri biyu, ja da fara, ya ce in noma su da rani, kowanne rabi da takin zamani, rabi da takin shanu. Abin da za mu auna shi ne sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa. Da na ce ban gane ba, sai ya gutsiri goro ya ajiye a tebur.

"An jima ki dube shi, zai sauya launi," ya ce. "Iska ce ke cinsa. Irin wannan cin yana faruwa a jikin mutum, kuma akwai abin da ke tare shi a cikin hatsi, galibi a dusa. So nake mu san ko iri ne ke kawo shi, ko yadda aka noma."

Na sha ban ruwa, na sha korar tsuntsaye, har na girbe na sheƙe, na samu kashi huɗu, kowanne a jakarsa da 'yar takarda mai sunansa. Sai injin niƙan ɗakin gwaji ya lalace, ga lokacin miƙa aiki ya matso. Mahaifiyata, wadda ke koyarwa a Basawa, ta ce in je wurin wani Ibo mai injin niƙa a bakin kasuwar Sabon Gari, cocinsu ɗaya, ba ya ha'inci.

Na same shi da hantsi. Na yi masa bayani cewa ba a tankaɗe, da dusar nake so, kuma sai an share injin tsaf kafin a zuba wani kashin. Ya yi dariya, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Ɗiyata, wannan alkama naki ya fi sarki mulki." Amma ya ɗauko buroshi. Muka fara da farar. Kowane kashi ya fito, sai ya juye a roba don ya huce, ni kuma in ɗora takardarsa a kai.

Ya gama na biyu ke nan muka ji ƙara, dum, daga wajen tasha. Wani ya yi ihu, "An fara!" A shekarun nan na rikicin addini kuwa ba sai an gaya wa kowa abin da aka fara ba. Kafin in juya layin ya cika da gudu. Tiren tumatir ya kife, ana bi ta kansa. Mutane suka afko shagon, wata mata da goyo, wani mai dako da hularsa a hannu, da wasu da ban ga fuskarsu ba. Mai niƙa ya kashe injin, ya ja ƙofar ƙarfe ya sa sakata.

Duhu, da warin gas, da ƙurar gari. Babu mai waya a cikinmu. Ina jin takun ƙafafu a waje, ana buga ƙofofi. Na kama sarƙar wuyana mai gicciye na tura ta cikin riga, na ɗago na ga mai dakon yana kallona. Shi ma ya ga sandar ƙarfen da mai niƙa ya riƙe. Tunanina duk yana Basawa, ko mahaifiyata ta sallami yara, ko tana kan hanya. Jaririn ya fara kuka, uwar ta rasa yadda za ta yi.

Mai dakon ne ya yi magana a hankali. "Oga, ajiye ƙarfen nan. In namu ne suka zo, ni zan amsa musu. In naku ne, kai ka amsa." Mai niƙa ya dube shi, sannan ya jingine sandar a bango.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Can muka ji mai sayar da ruwa yana kiran kayansa kamar ba a yi komai ba. Ashe tayar babbar mota ce ta fashe.

Da aka buɗe ƙofa haske ya shigo, na duba robobin. An ture su gefe, takardun biyu suna ƙasa an tattake. Gari fari nan, gari fari can, ba abin da ya bambanta su. Mai niƙa ya nuna ɗaya. "Ina jin wannan ne na farko."

"Baba, ka tabbata?"

Ya sosa ƙeya. Muka niƙa jar, takardun kuwa a hannuna na damƙe su.

A motar Samaru na yi ta saƙa da warwara. In na rubuta abin da mai niƙa ya ce, wa zai sani? Amma washegari na gaya wa malam yadda aka yi. Na ɗauka zai ce in sake noma, shekara ta tafi ke nan.

"Ba a rubuta 'ina jin' a bincike," ya ce. "Ki auna duka. Farar ki kira ta fara kawai. Zancen taki, ki tsaya a kan ja."

Haka na yi. Jar ta fi farar sinadaran nesa, ko da wane taki aka noma ta, kuma tsakanin kashinta biyu bambancin kaɗan ne. A farar ma ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya. Ranar kare aikin wani malami ya tambaye ni wanne ne ya ɗara a farar, na takin shanu ko na zamani. Na ce ban sani ba. Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba, sai ya juya shafi.