Barakatu, Mai Sanin Dangin Dawa

Shugaban tashar binciken iri ya ci amanar Malama Barakatu, ya ci tamu. Ranar da ta yi ritaya ya garƙame ɗakin aikinta da irin dawarmu a ciki, ko sannu bai ce mata ba. To, mu za mu ce.

Shekara da shekaru, da sassafe take hawa mashin daga Funtua, ta bi ƙauyukan Bakori da Kafur, tana roƙon tsofaffi zangarniyar da suka rataye a madafa don hayaƙi ya kore ƙwari. Da rana ta zauna gaban kwamfuta. Ta ce cikin kowace ƙwaya akwai abin da ake kira furotin, shi ke aikin jikin shuka, kuma masana sun tara rumbun bayanai inda aka jera su dangi-dangi. Can take kai na dawarmu ta gwada. In ka san gidan da yaro ya fito, in ji ta, maƙera ne ko majema, ka san abin da hannunsa zai iya.

Shekarar da ƙuduji ya cinye gonaki, aka ce a watsar da tsohon iri. Inna Yabo ta Kafur har ta sussuke rabin nata za ta yi kunu. Barakatu ta tarar da ita, ta ce wani furotin na jar dawar nan ya yi kama da dangin masu hana ƙuduji kama saiwa, amma kama ba tabbaci ba ce, sai an shuka.

Yabo ta ce, "'Yar nan, akwatin naki ya taɓa riƙe fartanya?"

Dariya Barakatu ta yi, ta roƙi ragowar. Aka shuka gefe da gefe da sabon iri. Da kaka, kunyoyin irin Yabo kaɗai suka cika kwando.

Ke ce uwar iri, Barakatu. Ba ki taɓa kiran tsohuwa jahila ba. Mun gode, Allah ya saka. 'Yan matanmu masu karatu, ga wadda za ku bi.

Amma iri rai gare shi. Ɗaki a rufe, ɓeraye na ciki, damina ta ƙarato, Yabo kuma ba ta rage ko ƙwaya a gida ba. Shugaba, fito kasuwar Bakori ka faɗa wa matan da suka ba da amana: wa ya ba ka izini?