Teburin da Inna Ta Goge

Mu mutanen Magarya ba ma wasa da jaje. Ko akuyarka ce ta ɓata, kafin ka gama sa takalmi unguwa ta cika maka ƙofar gida, kowa da addu'arsa, kowa da labarin tasa akuyar da ta taɓa ɓata. Ina son wannan hali namu har cikin raina, amma shi ne ya taɓa ƙona mini rai, ƙunar da har yau ba ta gama hucewa ba.

Ana gab da babbar Salla aka shiga shagon ɗinkin yayana. Shagon a jikin gidanmu yake, ƙofarsa na kallon titi. Ɓarawon bai taɓa yadin kowa ba, kan keken ɗinki kawai ya kwance daga teburinsa ya yi gaba da shi. Ni ce ta biyu da ta leƙa bayan Yaya, da sassafe. Kwaɗon ƙofa yana ƙasa a buɗe, ba a fasa shi ba. Teburin keken fari ne mai santsi, kuma a gefensa ga shatin yatsu na baƙin mai raɗau, inda ɓarawon ya dafa lokacin da yake ciccibar ƙarfen. Na gan su da idona. Na yi salati, na ruga cikin gida in faɗa wa Inna.

Kwaɗon nan da ba a fasa ba shi ya ja wa Kawu. Kawu ƙanen Inna ne, manomi daga wajen Mallawa. Bayan rasuwar matarsa zaman ƙauye ya ishe shi, ya bar wa 'ya'yansa gona ya dawo wurinmu. A zaure yake kwana, kuma a zauren ake rataye makullin shago. Mutum ne mai shiru, ba ya da abokin hira sai goro. Ba wanda ya buɗe baki ya ce masa ɓarawo. Mu ba ma faɗa, kallon mutum muke yi mu kawar da kai, shi ke nan an gama da shi.

Kafin hantsi ƙofar gida ta cika. Kwaɗon ya shiga hannun jama'a, wannan ya jujjuya ya miƙa wa wancan, kowa ya zama maƙeri a ranar. Wani tsoho har hure ramin makullin ya yi, ya goge da bakin rigarsa don ya gani da kyau. Inna kuwa, da ta ji liman da kansa zai shigo shago, kunya ta kama ta. A wurinta ba a tarbar baƙi cikin ƙazanta, ko da gobara aka yi. Ta share ƙasa tas, ta ɗauko tsumma da sabulu ta dirje teburin nan har yana ƙyalli, sannan ta ɗora masa kwanon ruwan sha.

Sai bayan azahar polis ya zo. Matashi ne, bai daɗe da dawowa daga sitaj, wato horon aiki, a Yamai ba, yana riƙe da wani ɗan akwati. Ya buɗe, ga baƙar hoda, ga burushi mai laushi, ga tawada da gilashin ƙara girman abu.

Ya ce, "Wa ya taɓa kwaɗon nan?"

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Ka dai tambayi wanda bai taɓa ba."

Ya juya wajen tebur, ya sunkuya, ya shinshina. "Wannan fa?"

Inna ta amsa daga bakin ƙofa, da ɗan alfaharinta. "Ni na wanke shi, ɗana. Duk baƙin mai ne, ba kyan gani."

Yaron nan bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan benci, ya dafe goshi. Da ya ɗago sai ya yi mana bayani a hankali. Ya ce kowa ya dubi cikin ɗan yatsansa, akwai layuka sirara. Da su aka haifi mutum, da su za a binne shi, kuma ba mutum biyu masu iri ɗaya, ko tagwaye. Duk abin da ka dafa mai santsi, gumin hannunka ko maiƙo zai bar hoton layukan a kai. Da hodar nan yake fito da su, ya ɗauke, a gwada da na wanda ake zargi.

Nan Kawu ya ratso mutane. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

Ya ce, "Ɗana, ni ake kallo. Na sani, kowa ya sani. Ga hannuna, ɗauki nawa."

Polis ɗin ya ce ba abin da zai gwada da su, amma Kawu ya ƙi janye hannu. Sai polis ɗin ya shafa masa tawada, ya riƙa mirgina yatsun ɗaya bayan ɗaya a farar takarda. Ya sa gilashi ya nuna mana. Ya ce zanen yatsa gida uku ne: akwai mai nannaɗewa kamar faifai, akwai wanda layin ke shiga ya lanƙwaso ya fita ta inda ya shigo, akwai kuma wanda ke hawa ya sauka kamar kunyar gyaɗa. Kafin a ce lalle wane ne, sai an bi layukan an ga inda wani ya tsaya, inda wani ya rabu biyu. Amma kafin a ce ba wane ba ne, wani lokaci gidan kaɗai ya isa.

Ya ce, "Baba, naka kusan duk masu kunya ne, kuma irinsu ba su da yawa. Da an bar mini teburin nan, da wataƙila tun yanzu na wanke ka."

Na dubi Inna. Tsumman yana hannunta har lokacin. Na ji haushinta, na ji haushin unguwa duka, sannan tausayinta ya rufe ni, don na ga ta gane abin da ta goge.

Bayan la'asar Kawu ya kira ni gindin itacen bedi. Ya yi alwala amma tawadar ba ta fita ba. Ya shimfiɗa yatsunsa a gwiwa.

"Ɗiyata, an ce ke kin gani kafin a wanke. Tsakaninki da Allah, irin nawa ne, ko masu faifai ne?"

Na rufe ido, na matse ƙwaƙwalwata. Ina ganin baƙin man, ina ganin yatsun a jere, amma layukan babu. Wa yake duba layi da safe irin wannan? Na so in ce masu faifai ne, da zai yarda, da unguwa ma ta yarda. Amma ya haɗa ni da Allah.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Ban lura ba."

Ya ce, "To. Allah ya yi miki albarka." Ya miƙo mini ɓarin goro.

Ba a ga keken ba. Kawu ya yi Salla da mu, ya taya mu fiɗa, washegari ya hau kabu-kabu ya koma Mallawa. Har yanzu yana zuwa suna da ta'aziyya, zumunci bai yanke ba. Duk zuwan da zai yi, Inna sai ta share masa ɗaki ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ce dare ya kusa, ya bari sai da safe. Shi kuma sai ya yi murmushi, ya ce, "A'a Yaya, bari dai in koma. Kada wani abu ya ɓata ina nan."