Mai Gyara da Hannu a Baya

Shekarun baya na ji ana cewa mai kula da kwamfutocin makarantarmu bai taɓa gyara wa kowa komai da hannunsa ba. Na ce zancen ɗakin malamai ne, inda ba a rasa ƙarin gishiri. Wannan bawan Allah, da muke kira Injiniya, shi ne ya rasu ranar Laraba, sha huɗu ga Maris, bayan jinyar kwana shida. Na Allah muke, gare Shi za mu koma.

Injiniya, ni tsohon magatakardan da ke shigar da makin ɗalibai, ina da shaida a kanka. Kai ka ƙara mana wani maɓalli a saman manhajar teburin maki, wanda dannawa ɗaya ke fitar da sakamakon kowane aji. Ana gobe rabon sakamako na buɗe kwamfuta, maɓalli ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Na goge tabarau har sau uku. A makon ne kuma shugaban makaranta ya fara cewa kujerata na bukatar mai jini a jika, ni kuwa saura shekara biyu in yi ritaya da mutuncina.

Ka shigo, na miƙe in ba ka wuri. Ka haɗa hannuwanka a baya.

"Zauna, Baba. Ba goge maɓallin ka yi ba. Manhajar ce ta yi tuntuɓe jiya, ta zargi maɓallin, ta kulle shi a ɗaka. Kama linzamin kwamfutar, ba ya cizo."

Ka sa na buɗe saituna, na gangara jerin abubuwan da aka ƙara wa manhajar amma aka dakatar. Ga shi nan zaune shi kaɗai kamar mai laifi. Na sake shi, na sa alama a ɗan akwatinsa, na rufe manhajar na buɗe. Sau biyu ina danna inda ba nan ba, ba ka ko yi tsaki ba.

Takardu na fita shugaba ya leƙo, ya tambayi wa ya gyara.

"Baba ne, ranka ya daɗe. Ni ko taɓawa ban yi ba."

Kuma ba ƙarya ka yi ba. A kujerar nan na cika shekaruna biyu.

Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka uku. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Tun ranar Laraba mutum biyar suka ja ni gefe, kowa da irin labarina, kowa na zaton shi kaɗai aka yi wa. Na ƙarshensu jiya ne a wurin zaman makoki, murya ƙasa-ƙasa, yana duba ko wani na ji: shugaban makaranta.